Turjiyar Iska da Shan Man Mota: Bayani ga Direbobi, Manoma da Jami'an Ƙananan Hukumomi a Ƙasar Zazzau

Gabatarwa

Turjiyar iska ita ce tokarewar da iska ke yi wa duk wani abu da ke ratsa ta da gudu. Wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota yayin da take sheƙa gudu ya san ƙarfinta, domin zai ji ana tura hannun baya. Abin da ya sami tafin hannun shi ke samun motar gaba ɗayanta. Mota ba ta ci gaba sai ta ture iskar da ke gabanta, kuma da fetur ko man gas ake biyan wannan aiki.

A da ba kowa ya damu da wannan lissafi ba. Amma tun ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur, lamarin ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, sannan kafin ƙarshen shekarar 2024 ta wuce Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ƙarin bai tsaya a aljihun direba ba. Ya shiga kuɗin ɗauko buhun masara daga Saminaka, da kuɗin kai rake daga Maƙarfi, da kuɗin motar mai jinya daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa na Shika, har ma da kason man da ƙaramar hukuma ke ware wa motocinta duk wata.

An shirya wannan bayani ne domin nuna wa jama'a cewa wani kaso mai yawa na man da motocin haya ke sha a kan manyan hanyoyinmu yana tafiya ne wajen faɗa da iska, kuma abubuwa biyu ne suka fi jawo hakan: yadda ake ɗaura kaya a saman mota, da yawan gudu. Gyara su ba ya bukatar sayen wata na'ura.

Yadda iska ke tokare mota

Ko da yake ido ba ya ganin ta, iska tana da nauyi. A bakin teku, iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya ta kai nauyin kilo 1.2. A Zariya, da yake garin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga saman teku, nauyin ya ɗan ragu zuwa kimanin kilo 1.1. Motar bas da ke tafiya a kan hanyar Kano tana ture tan-tan na wannan iska a kowane minti.

Abubuwa uku ne ke ƙayyade yawan turjiyar. Na farko shi ne faɗin fuskar mota, wato girman abin da mutum zai gani idan ya tsaya a gabanta, har da duk kayan da suka ɗara rufinta ko suka leƙo ta gefe. Na biyu shi ne siffarta. Injiniyoyi suna ba kowace siffa maki: ƙaramar motar zamani mai santsin jiki tana samun kimanin 0.3, motar bas tana kusa da 0.4, akwati mai kaifin kusurwa kuwa yana kusantar 1. Idan makin ya yi ƙasa, iska ta fi zamewa cikin sauƙi ke nan. Abin lura a nan shi ne ba gaban mota kaɗai ke da matsala ba. Idan bayanta ya yanke tsaye kamar bango, iskar da ta wuce takan bar wani gurbi mai juyawa wanda ke janyo motar baya. Shi ya sa ƙura ke taruwa a gilashin bayan bas fiye da ko'ina a jikinta.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa, ƙarfin da inji zai kashe domin rinjayar ta kuma ya ninka sau takwas.

Ga misali da lissafi, a ɗauki bas irin wadda ake kira Homa, a ƙaddara faɗin fuskarta murabba'in mita 3.5 ne, makin siffarta 0.4, babu komai a samanta. A gudun kilomita 20 cikin awa, iska tana tura ta baya da ƙarfin da bai kai nauyin kilo 3 ba. A gudun kilomita 60, ya zama kimanin kilo 22. A 90, kimanin kilo 49. A 120 kuwa ya kai kilo 87. Ta fuskar inji, faɗa da iska kaɗai yana cin kimanin ƙarfin doki 5 a gudun 60, amma a gudun 120 yana cin kusan 38.

Akwai wata turjiyar ta daban, wadda ke tsakanin taya da kwalta. Ita ta danganta ne da nauyin mota da kuma iskar da ke cikin taya, kuma ba ta sauyawa sosai komai gudu. Ga bas mai nauyin tan 3 da fasinjojinta, wannan turjiya tana kusa da kilo 36. Ma'ana, ƙasa da gudun kilomita 70 zuwa 80 nauyi ne ya fi cin mai, sama da haka kuma iska ce ke kan gaba.

Cikin ganuwa da wajen ganuwa

Wannan lissafi ya raba zirga-zirgar Zariya gida biyu. Birnin Zazzau na cikin ganuwa an tsara shi ne tun zamanin dawaki da jakuna da raƙuma. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ko daga Fada zuwa Ƙofar Gayan, ko a lungunan Kwarbai da Ƙaura, da wuya mota ta wuce gudun kilomita 20 zuwa 30. A irin wannan tafiya iska ba ta da wani tasiri da za a ambata. Mai Keke Napep ko ɗan acaɓa da ke yini a cikin birni, asararsa tana wajen yawan taka birki da sake tashi, da barin inji yana aiki a tsaye, da taya mai ƙarancin iska, da inji da ya daɗe bai ga bakanike ba. Kada wani ya ruɗe shi da cewa maƙala wa abin hawansa wani ƙarfe zai rage masa shan mai.

Magana tana sauyawa ne da zarar mota ta fita ƙofa ta hau babban titi: hanyar Kaduna mai kimanin kilomita 80, hanyar Kano mai kimanin kilomita 140, hanyar Funtuwa ta Giwa, da hanyar Jos ta Soba da Fambeguwa. Aikin sabunta hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a shekarar 2018 ya gyara sashen Kaduna zuwa Kano, kuma kyakkyawar hanya tana jan ƙafar direba zuwa totur. Sauran wannan bayani ya shafi motocin da ke bin waɗannan hanyoyi ne.

Abin da aka koya daga motocin shaƙatawa na ƙasashen waje

A Amurka da Turai akwai wasu motoci da ake ƙerawa da ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, iyali su shiga su yi makonni suna yawon buɗe ido. Wasu masu injin kansu ne, wasu kuma ɗaki ne mai taya da ƙaramar mota ke ja. Irin waɗannan motoci ba su yaɗu a ƙasarmu ba, amma matsalarsu ita ce matsalar bas ɗinmu: ana son wuri mai yawa a ciki, wanda hakan ke sa a yi su dogaye masu siffar akwati, akwati kuma ita ce siffar da iska ta fi tokarewa. Saboda haka binciken da aka yi a kansu yana da amfani a gare mu.

A shekarar 1936 kamfanin Airstream na Amurka, wanda Wally Byam ya kafa, ya fitar da ɗakin ja mai jikin alminiyam, zagayayye gaba da baya kamar gangar jirgin sama. Har yau kamfanin bai bar wannan siffa ba. A Jamus kuma, a shekarar 1949, kamfanin Volkswagen ya kai samfurin ƙaramar bas ɗinsa zauren gwajin iska na jami'ar fasaha ta garin Braunschweig. Samfurin farko mai kaifin kusurwa ya sami maki kimanin 0.75. Da aka lanƙwasa gaban aka zagaye gefunansa, makin ya sauko zuwa 0.44. Wannan bas ce daga baya ta zama sananniyar motar 'yan yawon shaƙatawa a duniya.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA. Bayan tsadar mai ta shekarar 1973, wani injiniyanta mai suna Edwin Saltzman da abokan aikinsa a wata cibiyarta da ke jihar Kalifoniya suka ɗauki wata tsohuwar bas suka lulluɓe ta da faranti har ta koma akwati sosai, suka auna turjiyarta, sannan suka riƙa zagaye kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. Zagaye kusurwoyin ya rage turjiyar iska da kimanin rabi, alhali wurin da aka rasa a ciki bai taka kara ya karya ba. Daga wannan aiki ne aka samo siffar kawunan manyan motocin da ake gani a yau.

Abin da gwaje-gwajen nan suka tabbatar abu ɗaya ne: kaifin kusurwar gaba da tsayin da ya ɗara kima su ne manyan masu laifi. Kamfanonin da suka ƙera bas ɗin da ke tashoshinmu sun kashe kuɗi masu yawa wajen kawar da waɗannan abubuwa biyu. Mu kuma a tasha, cikin minti goma na lodi, sai mu mayar da su.

Kayan da ake ɗaurawa a saman mota

Wanda ya tsaya a Kwangila ko a mahaɗar Ɗan Magaji da safe zai ga abin da ake nufi. Bas da Sharon da Golf suna wucewa da buhuna, da jarkoki, da kwandunan tumatir, da babur a kwance, wani lokaci har da buhunan gawayi da suka kusa kai tsayin motar kanta. A lokacin bukukuwa kuma sai kayan jeren amarya: gado, katifa, kujeru da wadirof, duk a saman mota ɗaya. Haka abin yake a tafiye-tafiyen Sallah, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa gida da kuma kallon hawan Sarkin Zazzau.

A koma ga bas ɗin misalinmu. Idan aka ɗora mata kaya masu faɗin mita ɗaya da rabi da tsayin santimita 80, fuskarta ta ƙaru da murabba'in mita 1.2. Ƙarin bai yi kama da mai yawa ba, amma siffarsa ta akwati ce, makinsa yana kusa da 1. Idan aka haɗa, turjiyar iskar motar ta kusa ninkawa: a gudun kilomita 90, daga kilo 49 ta koma kimanin kilo 91. Bugu da ƙari, gudun da iska ke fara rinjayar nauyi ya sauko daga wajen 75 zuwa ƙasa da 60. Kuma wannan asara ba ruwanta da nauyin kayan. Katifa ba ta da nauyi, fankon jarkoki ma haka, amma a wajen iska sun fi buhun siminti da ke cikin but illa nesa ba kusa ba.

Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta wallafa alƙaluma a kan haka. Ta ce babban akwatin kaya a saman ƙaramar mota yana rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 2 zuwa 8 cikin ɗari a cikin gari, kashi 6 zuwa 17 a kan babbar hanya, da kashi 10 zuwa 25 a gudun kilomita 105 zuwa 120. Idan aka mayar da kayan bayan mota, inda jikinta ke kare su daga iska, asarar ba ta wuce kashi 1 zuwa 5 ba. Ya kamata a tuna cewa akwatin da suke magana a kai na kamfani ne, mai santsi. Ɗaurin igiya da tsumma irin namu ya fi shi tokare iska. Har ila yau, wani bincike na ɗakin gwaje-gwajen Lawrence Berkeley da aka fitar a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa kariyar saman mota ta jawo ƙona galan miliyan 100 na fetur a Amurka a shekarar 2015 kaɗai, kuma wani kaso na asarar ya fito ne daga kariyar da ake yawo da ita babu komai a kanta.

Babu wanda zai ce wa direban haya ya daina ɗaukar kaya, domin a yawancin tafiye-tafiye kuɗin kaya ne ribarsa. Abin da ake nema shi ne tsari. A fara cika but da ƙarƙashin kujeru da kaya masu nauyi. Abin da dole sai ya hau sama, a shimfiɗa shi a tsawon rufin maimakon a tara shi wuri ɗaya. Jeri biyu masu gajarta sun fi tsibi ɗaya mai tsayi, tunda iska ba ta damu da tsawon kaya ba, tsayinsu da faɗinsu take gani. A ja kayan baya kaɗan daga saman gilashin gaba. A sa ƙananan kaya a gaba, manya a bayansu, yadda ɗaurin zai tashi sannu a hankali kamar gangare. Kada komai ya leƙo ta gefen mota. Katifa a kwantar da ita a ɗaure bakinta na gaba tamau, domin idan iska ta shiga ƙarƙashinta tana iya ɗaga ta har ta tsinke igiya ta faɗa wa motar da ke biye.

Sai batun tamfol. Tamfol da aka ja ya ɗame, aka cusa bakinsa na gaba a ƙarƙashin kaya, yana toshe ramukan da ke tsakanin buhuna ya bar iska ta zame. Wanda aka yafa sakaka kuwa yana kumbura kamar laima, ya ƙara turjiya, kuma kafin a kai Kwanar Ɗangora ya fara yagewa. Ƙarar faf-faf da fasinjoji ke ji a saman kansu alama ce ta mai da ke tafiya a banza.

A ra'ayin wannan ofishi, al'adar da ta fi kowace muni ita ce barin but a buɗe, a cusa kaya su zarce bayan mota, a ɗaure ƙofar da igiya tana tsaye sama. Ƙofar tana zama kamar bango a gaban iska, lambar mota da fitilun baya sun ɓuya, hayaƙin salansa kuma yana samun hanyar komawa cikin mota inda fasinjojin baya ke shaƙar sa. Haka nan kaya masu nauyi a sama suna ɗaga cibiyar nauyin mota, su sa ta saurin kifewa a kwana ko idan taya ta fashe. Lodi fiye da kima laifi ne a dokar hanya, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, da na hukumar KASTLEA ta Jihar Kaduna suna da ikon kama mai yin sa.

Gudu da iskar hunturu

Ƙa'idojin hanya na Najeriya sun ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 100 a kan tagwayen hanya da 80 a kan sauran manyan hanyoyi. Tasi da bas an ba su 90 da 80, tanka da tirela kuma 60 da 50. Tun ranar 1 ga watan Fabrairu na shekarar 2017 hukumar FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. An yi waɗannan dokoki ne domin kare rayuka, amma sun zo daidai da abin da ke kare aljihu.

Direban bas da ya tashi daga Zariya zuwa Kano a gudun 110 zai isa cikin kimanin minti 76, wanda ya tsaya a 90 kuma cikin minti 93. Bambancin minti 17 ne, amma na farkon ya yi faɗa da turjiyar da ta ɗara ta na biyun da kusan rabi a duk tsawon hanyar. Sau da yawa ma mintunan da ya samu a layin lodi na tasha suke ƙarewa.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci yankinmu. Gudun da ke shiga lissafi shi ne na mota a kan iska, ba a kan kwalta ba. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas, kuma hanyar Zariya zuwa Kano ta nufi arewa maso gabas ne sak. Idan iskar tana gudun kilomita 20, bas mai gudun 90 tana jin ta kamar 110 a tafiya, turjiya ta ƙaru da kashi 49 cikin ɗari. A dawowa tana jin ta kamar 70, turjiya ta ragu da kashi 40 kacal, don haka dawowar ba ta biyan bashin tafiyar gaba ɗaya. Da damina iskar takan juya ta fito daga kudu maso yamma, sai mai zuwa Kaduna ya zama shi ke fuskantar ta. Direba mai lura zai sassauta ƙafa a ranar da yake fuskantar iska, musamman idan akwai kaya a sama.

A-kori-kura, kanta da manyan motoci

Da yawa daga masu a-kori-kura sun yi imani cewa sauke ƙofar baya ko cire ta yana rage shan mai. Gwaje-gwajen da aka yi a zaurukan gwajin iska sun nuna akasin haka. Idan ƙofar tana rufe, iska takan yi wani kumburi mai juyawa a cikin bodin, sauran iskar kuma ta bi ta samansa ta wuce. A bar ƙofar a rufe. Idan bodin fanko ne, rufe shi da tamfol ɗamamme ya fi kyau. Idan da kaya, a jingina dogayen da bayan kan mota, kada su ɗara rufinsa idan da hali.

Haka abin yake ga kanta da manyan motoci masu bodin katako ko na ƙarfe: buɗaɗɗen bodi marar kaya yana kamfatar iska. Sai dai a nan akwai iyaka. Motar shanu da tumaki, da ta tumatir da albasa da tattasai, suna bukatar iska ta ratsa su. Wanda ya toshe ta domin ceton lita biyar zai yi asarar dabba ko kwando, wadda ta fi man tsada.

Kawunan tirela da ake shigowa da su daga Turai, irin su DAF da MAN, yawancinsu suna zuwa da wata hula a saman kai wadda aikinta shi ne karkatar da iska ta bi saman bodi. Tana da amfani ne kawai idan tsayinta ya yi daidai da na bodin da ake ja. Ga mai jan kwantena ko dogon bodi, a bar ta a daidaita ta. Ga mai jan tanka ko shimfiɗaɗɗen bodi mai gajerun kaya kamar siminti da rodi, hular ƙarin fuska ce kawai.

A Amurka ana sanya wa tirela wasu faifai a gefe tsakanin tayoyi, waɗanda ke rage shan mai da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Bai kamata a yi gaggawar kwaikwayon wannan ba. Can manyan motoci suna yini a gudun kilomita 100, inda iska ke cin rabin ƙarfinsu ko fiye. A gudun 60 da dokarmu ta yarda, ga tirela mai tan 40, rabon iska bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na turjiyar ba. Sauran na nauyi ne da taya. Ga kuma ramuka da tudun rage gudu da hanyoyin kasuwannin ƙauye, waɗanda za su karya faifan cikin mako guda.

Wasu abubuwan da ake yawan tambaya

Game da buɗe gilashi ko kunna na'urar sanyaya mota: a cikin gari buɗe gilashi ya fi sauƙin mai. A kan babbar hanya bambancin ba shi da yawa, ya danganta da irin motar, kuma bai kai a hana fasinja shan iska a watan Afrilu ba.

Ƙarafan kare gaba, da jerin fitilu da ƙahonni a saman rufi, da tutoci, da lasifikar da aka bari bayan an gama taro ko yaƙin neman zaɓe, duk suna ƙara turjiya. Fiffiken ado da ake maƙalawa a bayan ƙananan motoci ba ya rage shan mai.

Bin bayan tirela kurkusa domin a fake daga iska, kamar yadda wasu masu babura da ƙananan motoci ke yi, gaskiya ne yana rage turjiya, amma ganganci ne da rai. Mota mai gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kuma mai bin bayan ba ya ganin ramin da tirelar za ta kauce wa ko birkin da za ta taka.

Ga jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin tasha

Motocin ƙananan hukumomi, wato Hilux na sassan ayyuka da noma, motocin ɗaukar marasa lafiya, da bas ɗin ma'aikata da na makarantu, suna yawan zirga-zirga tsakanin hedikwatocinsu da Kaduna. Jami'in da ke kula da sufuri zai iya gano gaskiyar wannan bayani da kansa ba tare da wani kayan aiki ba. A cika tanki har baki, a rubuta lambar kilomita da ke kan agogon mota. Bayan tafiya a sake cikawa a famfo ɗaya, a rubuta litar da ta shiga da kilomitar da aka ci. A raba litar da kilomitar a ninka da 100, za a sami abin da motar ke sha a kowace kilomita 100. A yi haka sau uku ko huɗu da kariya a sama da gudun da direba ya saba, sannan a cire kariyar, a tsayar da gudu a 80 zuwa 90, a sake yi a hanya ɗaya da direba ɗaya. Gwaji sau ɗaya bai isa ba, saboda iska da cunkoso suna sauyawa daga rana zuwa rana. Kafin kowane gwaji a kai motar wurin mai faci ya auna tayoyi da safe kafin su yi zafi, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Domin a ga girman abin: a ƙaddara bas tana shan lita 12 a kilomita 100, tana zuwa Kano ta dawo kullum, wato kilomita 280, kimanin lita 34. Idan gyaran lodi da rage gudu suka ceto kashi 15 cikin ɗari, lita 5 ke nan a rana, lita 125 a kwanakin aiki 25. Sai mai motar ya ninka da farashin lita na ranar.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho da masu lodi su ne suka fi kowa iko a kan wannan al'amari, domin a hannunsu ake ɗaura kayan. Manoman da ke haɗa kuɗi su ɗauki mota zuwa kasuwar Giwa ko Dawanau su ma suna da ta cewa: shatar kanta ɗaya da kaya a cikin bodi ta fi rarraba buhuna a saman ƙananan motoci uku. Ƙaramar hukumar da ke son horar da direbobinta kuwa ba sai ta je nesa ba. Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, wadda aka kafa a shekarar 1986, tana kan hanyar Basawa a nan Zariya, kuma horar da ma'aikatan sufuri na daga cikin ayyukanta. Haka nan akwai sashen injiniyan injuna na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, inda za a iya neman shawara kafin a kai mota wurin mai walda a sauya mata bodi ko a ƙara mata kariya.